Takardar Neman Gudummawa: Abin Da Ke Sa A Karɓe Ta

Yau maganarmu a kan wata takarda ce wadda ta sha ba ƙungiyoyin mata wahala, watau takardar da akan rubuta wa hukuma, ko ofishin jakadanci, ko wata ƙungiyar agaji, a bayyana aikin da ake so a yi, a nemi yarda da kuɗin yinsa.

Da wuya yanzu ki sami unguwa ko ƙauye inda babu ƙungiyar mata. Waɗansu na adashi ne, waɗansu na masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waɗansu kuwa na masu gyaran shinkafa. Kowace tana da abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya: ko rijiya, ko injin niƙa, ko ajin yaƙi da jahilci, ko kekunan ɗinki. In an zauna taro an tattauna, sai wata ta ce, "Ai an ce akwai masu ba da taimako, mu rubuta musu mana." Sai a kira yarinya 'yar makaranta a shifta mata. Rabin takardar gaisuwa da kirari, sauran rabin kuwa kuka: mu talakawa ne, muna cikin wahala, a dube mu da idon rahama, a ba mu abin da ya sawwaƙa. A aika, a zuba ido. Wata ya wuce, shekara ta kewayo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga nan sai a ce ai abin sai wanda ya san wani.

Ba mu ce sanayya ba ta aiki a duniya ba. Amma sau da yawa laifin na takardar ne. Ki tuna ma'aikacin da zai karanta ta, kuɗin nan ba nasa ba ne, amana ce aka danƙa masa, gobe kuma za a tambaye shi inda kowane kwabo ya shiga. Takardu ne jibge a gabansa, kowace tana cewa masu ita suna cikin wahala, galibi kuwa gaskiya suka faɗa. To, da me zai zaɓa? Ke da kika taɓa zama uwar adashi kin san amsa. Ba ki ba da ɗaukar fari ga wadda ta fi kowa kuka, sai ga wadda kika tabbata za ta ci gaba da zubi har adashi ya ƙare. Haka shi ma, yana neman waɗanda za su riƙe amana ne, takardarku kuwa ita ce shaidarku a wurinsa.

Har wa yau ku sani ƙofa ta ƙara ƙunci. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID, waɗansu ƙasashen Turai kuma suka rage abin da suke bayarwa. Masu nema suna nan da yawansu, abin rabo ya ragu. Saboda haka takardar da aka rubuta da ganganci ba ta da wurin tsayawa.

LABARIN MATAN KENYA

Kafin mu shiga yadda ake rubutun, bari mu ba ku labarin waɗansu mata da suka nema suka samu, don ku ga abin da ya tsaya musu.

A ƙasar Kenya an yi wata malama, Wangari Maathai, wadda aka haifa a 1940. Ita ce mace ta farko a Afirka ta Gabas da ta Tsakiya da ta sami digirin dakta, a 1971. A tarurrukan Majalisar Matan Kenya takan ji matan ƙauye suna kukan itacen girki ya yi nisa, rafuka suna ƙafewa, gonaki suna zaizayewa. Sai ta ga maganin abin shi ne matan nan su shuka itatuwa da hannunsu. Ran 5 ga watan Yuni 1977 ita da 'yan'uwanta suka shuka itatuwa 7 a birnin Nairobi. Mafarin ƙungiyar da aka sani da suna Green Belt Movement ke nan.

Ba su da kuɗi mai yawa a lokacin, amma ba su zauna jira ba. Matan ƙauye suka riƙa tsinto irin itatuwan da ke kusa da su, suna renonsa a tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane, in ya yi ƙwari su raba a dasa. Ƙungiyar kuwa ta kafa wata doka mai hikima: ana ba mace 'yan kwabbai a kan kowane dashe, amma fa sai an je an duba an ga ya rayu. Wanda ya mutu babu lada a kansa. Ta haka tilas aka riƙa ƙirga, ana rubutawa.

A 1981 asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na taimakon mata ya amsa takardarsu, ya ba su kuɗin da bai kasa dala 100,000 ba. Da shi suka ɗauki ma'aikata, aiki ya bazu cikin ƙasa. A 2004 aka ba Wangari Maathai kyautar Nobel ta zaman lafiya, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta samu. Ta rasu a 2011, ƙungiyar kuwa ta shuka itatuwa fiye da miliyan 50.

To, me muka gani a nan? Sa'ad da takardarsu ta isa gaban masu kuɗi, aikin shekara 4 yana tsaye a bayanta. Wanda ya yi shakka yana iya zuwa ya ga itacen da idonsa, ya ƙirga, gani kuwa ya kori ji. Ku ma in kuna so a ba ku na injin niƙa, ku fara nuna abin da kuka yi da kuɗin adashinku.

KAFIN A ƊAUKI ALƘALAMI

Abu biyu za ku yi tun ba ku rubuta ko harafi ɗaya ba.

Na farko, ku gyara gidanku. Ƙungiya ta kasance tana da suna, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da littafin da ake rubuta abin da aka yanke a kowane taro, da na shige da ficen kuɗi. Ku yi mata rajista a ofishin ƙaramar hukuma ko na kula da ƙungiyoyin gama kai na jiharku, ku buɗe asusu a banki da sunan ƙungiyar, wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Masu ba da gudummawa ba su son zuba kuɗin jama'a cikin asusun mutum ɗaya, kome kirkinsa.

Na biyu, ku san wanda za ku rubuta wa. Kowane mai bayarwa da irin abin da yake bayarwa dominsa, da dokokinsa. Ga misali, tun 1989 gwamnatin Japan take ba da gudummawar ƙananan ayyukan jama'a ta hannun ofisoshin jakadancinta, har da na Nijeriya. Irin ayyukan da aka san su da su su ne ajujuwa, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyin burtsatse. Ba su ba mutum ɗaya, ba su biyan albashi ko kuɗin haya, kuma sukan nemi a kawo musu farashin kaya daga wurin 'yan kasuwa 3 dabam dabam. In kuka rubuta musu kuna neman jarin da za ku raba a tsakaninku, kun ɓata tawada.

Ga kuma wani misali na gida. Daga 2009 zuwa 2021 gwamnatin Nijeriya tare da Bankin Duniya sun gudanar da wani shiri na raya garuruwa wanda aka sani da CSDP. A cikinsa mutanen gari ne sukan taru su zaɓi aikin da suka fi bukata, su naɗa kwamiti, su rubuta shirinsu, su buɗe asusu. Da aka fara shirin, an ɗora musu su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko tsaba ko kayan aiki da ƙwadago. Kuɗin kuma ba a ba da shi gaba ɗaya, sai kashi kashi, in an kawo lissafin na farko a saki na biyu. Wannan shiri ya ƙare, amma irin sharuɗɗansa za ku tarar kusan duk inda kuka nufa.

Saboda haka ku aiki mai karatu a cikinku ta nemo dokokin, ta karanta muku su a taro. In suna da fom nasu, ku cika shi yadda suka ce. In sun ce shafi 3, kada ku kai 5. In sun sa ranar rufewa, ku kai kafin ranar.

TAMBAYOYI BAKWAI

Kowace takarda ta kirki tana amsa tambayoyi 7, bi da bi. Za mu ɗauki misalin waɗansu mata 30 a wani ƙauye masu neman injin niƙa. Ƙauyen da alƙaluman duka na misali ne, ku sa naku a madadinsu.

Ta ɗaya: Ku su wane ne? Ku faɗi sunan ƙungiya, da shekarar da aka kafa ta, da yawanku, da abin da kuka taɓa yi. "Mu 30 ne, mun shekara 3 muna adashi ba a taɓa fashi ba, bara da kuɗinmu muka gyara bakin rijiyar unguwa." Wannan layi ɗaya ya fi shafi guda na kirari.

Ta biyu: Mece ce damuwar? Nan ne aka fi yin kuskure. In kin rubuta "muna shan wahala ƙwarai wajen niƙa," ba ki gaya wa mai karatu kome ba. Ki rubuta haka: "A ƙauyenmu akwai gida 120. Injin da ya fi kusa da mu yana nisan kilomita 6. 'Yan mata ne ke kai niƙa, sau 3 a mako, duk ranar da suka je kuwa ba su samun darasin safe." Kin ga yanzu yana iya ganin yarinyar a kan hanya da ƙwarya a ka. Amma fa ku ƙirga gidajen da gaske, ku tambayi masu babur nisan hanyar, ku je wurin shugaban makaranta ya duba muku littafin kiran suna.

Ta uku: Me za ku yi? Abu ɗaya tak. Kada ku haɗa inji da rijiya da asibiti da makaranta a takarda guda, kwaɗayi mabuɗin wahala. Sa'an nan ku bambanta abin da za a saya da amfanin da za a samu. Inji ƙarfe ne kawai. Amfanin shi ne yarinya ta isa aji da wuri, uwa ta sami sa'o'in da za ta yi sana'arta. Ma'aikatan agaji suna da wani jadawali da aka ƙago a Amurka a 1969, wanda har yanzu da yawansu da shi suke auna takardu. Gindinsa kuwa shi ne wannan: me za a zuba, me za a aikata, me zai fito, wane amfani zai biyo baya. In kun jera naku haka, kun yi magana da harshen da suke ji.

Ta huɗu: Yaushe, kuma wa zai yi? Ku tsara wata wata. Watan fari share fili da buga bulo, na biyu gina rumfa, na uku sayen inji da kafa shi, na huɗu koya wa mata biyu tada shi da kula da shi. Gaban kowane aiki ku sa muƙamin wadda ke da alhakinsa. Ku lura da damina da lokacin girbi, kada ku sa gini a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya kankama kowa kuma yana gona.

Ta biyar: Nawa ne? Wannan ita ce zuciyar takarda, da yawa daga masu dubawa ma nan suke fara buɗewa. Kada ku ce "muna neman naira miliyan ɗaya" ku yi shiru. Ku farfasa shi. A misalinmu: inji naira 700,000, ɗauko shi da kafawa 50,000, siminti da kwano da katako 150,000, yashi da ruwa da ƙwadago 100,000. Jimla 1,000,000. Ku je kasuwa da ƙafarku ku tambayo farashi a shago 3, kowane ya rubuta muku a takardarsa, ku liƙa a baya. Ku sa rana a kan lissafin, gama farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya. In kun gama ku tara sau biyu, ku ba wata ta sake tarawa. Jimlar da ba ta yi daidai ba takan sa a yi shakkar sauran takardar duka.

Ta shida: Ku me kuka kawo? A misalinmu yashi da ruwa da ƙwadago, watau naira 100,000, matan ne za su ɗauka, abin da suke nema 900,000 ne. Kada ku rena abin da ke hannunku. Ɗibar ruwa aiki ne, yana da kuɗi, dafa wa magina abinci ma haka. Fili kuma, in dagaci ko mai unguwa ne ya bayar, ya rubuta ya sa hannu da hatimi, da sunan ƙungiya, don kada gobe magada su ce na ubansu ne.

Ta bakwai: In kuɗin ya ƙare fa? Ko'ina kika zaga a ƙasar nan za ki ga famfon da ya lalace aka bar shi, da injin da ya yi tsatsa a rumfa, domin ranar da aka yi bikin buɗewa ba wanda ya tambayi wa zai sayi bel in ya tsinke. Masu ba da kuɗi sun fi kowa sanin wannan, shi ne kuma babban tsoronsu. Ku kwantar musu da hankali. Ku rubuta nawa za a riƙa karɓa a kan kowane mudu, da yadda za a kasa cinikin yini uku: na mai, na ladan mai kula da inji, da na asusun gyara wanda ba a taɓa shi don biki ko suna. Ku faɗi garin da bakanike yake, da inda ake samun kayan gyara. Ku faɗi kuma yadda za a san aikin ya yi amfani: littafin ciniki na kullum, da littafin kiran suna na makaranta bayan wata 6.

In kun amsa waɗannan duka, sai ku koma shafin farko ku rubuta taƙaitawa, layi 5 ko 6: mu wane ne, ga damuwa, ga abin da za mu yi, ga kuɗin da muke nema, ga namu. Ita ake rubutawa a ƙarshe, amma ita ake fara karantawa, wani lokaci ma ita kaɗai.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ku ne alƙalamin iyayenku, saboda haka nauyi yana kanku. Kada ki ɗauka manyan kalmomin Turanci su ne gwaninta. Gajeren zance mai ma'ana ya fi. Ki fara rubutawa da Hausa, ki karanta wa iyaye a taro da babbar murya, su gyara, su yarda, sa'an nan a juya zuwa Turanci in ana bukata. Dalili kuwa, masu ba da kuɗi sukan zo duba wuri ba tare da dogon shiri ba, su ja wata tsohuwa gefe su tambaye ta. In ta ce ita ba ta san da zancen ba, aiki ya ɓaci.

Yanzu akwai manhajojin waya da ke iya tsara wa mutum takarda cikin minti ɗaya. Suna iya taimakonki wajen gyaran Turanci, amma ba su san yawan gidajen ƙauyenku ba, in kuma ba ki lura ba sai su sa miki alƙaluman da ba su da tushe. Duk lambar da ba ku ƙirga da kanku ba, ki share ta.

ABUBUWAN GUDU

Kada ku ƙara gishiri. In ku 30 ne, kada ku ce 300. In inji 700,000 ne, kada ku ce miliyan don a sami na raba wa juna. Su ma suna zuwa kasuwa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ƙungiyar da aka kama sau ɗaya ta rufe wa kanta ƙofa, ta kuma ɓata sunan matan garinsu.

Kada ku kwafi takardar wata ƙungiya ku sauya suna kawai. Wanda ya karanta ɗari ya san kamanninsu.

Ku yi hattara da masu yawo gida gida ko masu aiko saƙo ta waya, suna cewa a biya kuɗin fom ko na rajista za a ba da tallafi. Kafin ku fid da ko kwabo, ku je ofishin da aka ambata da kanku ku tambaya. Lambar sirri ta katin banki kuwa, babu wani mai ba da gudummawa na gaskiya da zai nema.

BAYAN AN AIKA

Ku ajiye kwafin kome, ku rubuta ranar da kuka kai da muƙamin wanda ya karɓa. In an ƙi, kada ku yi fushi. Ku rubuta cikin ladabi ku tambayi dalili, ku gyara, ku sake gwadawa a can ko a wani wuri. Wahalar da kuka sha ba ta tafi a banza ba, gama yanzu kun san yawanku, kun san farashi, kun san abin da za ku iya da kanku. Wata ƙungiyar ma, in ta ga lissafin a fili, sai ta ga ashe adashin shekara biyu zai ɗauki rabin aikin.

In kuwa an karɓa, to, ranar ce aiki ya fara. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kowane kwabo da rasiɗinsa. Kuɗin siminti ba ya komawa na ɗinkin anko. In wani abu ya sauya, kamar farashi ya tashi, ku sanar da masu kuɗi tun da wuri, ku nemi izini a rubuce kafin ku taɓa lissafi. Ku aika da rahoto a kan lokaci, da hotuna, ku faɗi abin da ya yi kyau da wanda ya ba ku wuya. Rahoton aikin farko shi ne rabin takardar neman na biyu.

Saboda haka, uwargida, a taronku mai zuwa ku ɗauko littafi sabo, ku raba aiki: wance ta ƙirga gidaje, wance ta je kasuwa tambayar farashi, wance ta je wurin mai unguwa zancen fili. In an tara amsoshin, rubutun ba zai fi yini biyu ba.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.